Kafin a Sauke Inji: Bin Sawun Baƙuwar Ƙara a Tsohuwar Motar Gas

Tsohuwar motar gas ba ta san shiru ba. Tun tana sabuwa da hayaniyarta ta zo, balle yanzu da ta kwashe shekaru tana jigilar masara daga Saminaka ko yashi daga bakin kogin Kaduna. Don haka in direba ya shigo gareji ya ce motarsa tana ƙara, bai faɗi komai ba tukuna. Nufinsa wata baƙuwar ƙara ce ta shigo cikin waɗanda kunnensa ya saba da su. Aikin da ke gaban kowa shi ne a tsamo ta daga cikin sauran, a bi sawunta har inda ta fito, kafin a ɗora sifana a kan ko da noti ɗaya.

Ba haka aka fi yi ba. Duk wanda ya saba zama a garejin manyan motoci, ko a Kakuri, ko a gefen baifas, ko a Mararrabar Jos inda tireloli ke kwana, ya san yadda maganar ke tafiya. Direba zai ce, “Oga, tun daga Tafa take yi mini gwaf-gwaf a ƙasa.” Makaniki ya tada inji, ya ba shi wuta sau biyu, ya karkata kai, ya ce, “Metal ne. Sai an sauke.” Wani lokaci gaskiyarsa ne, domin akwai tsofaffin kanikawa da kunnensu ya gogu har abin ya ba mutum mamaki. Amma sau da yawa akan sauke inji, a kai karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) a goge, a sayi sabbin metal (ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyi a cikinsa) da ringi da gasket, mota ta yi mako biyu ba ta kawo ko sisi ba, a tada ta, ƙarar tana nan daram. Sai daga baya a gano nozul (bakin da ke fesa mai a silinda) ɗaya ne ke tsiyaya, ko notin filawil (faifan ƙarfen da ke bayan inji) ne ya kwance.

Abin da ke yaudarar kunne shi ne ƙarfe. Inji da giya da farfela (sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksil) da aksil duk a ɗaure suke da juna, kuma duk a kan shasi ɗaya, ƙarfe kuwa yana ɗaukar amo ya kai shi nesa da inda aka haife shi. Boris da ke mutuwa a aksil na baya sai kukansa ya biyo farfela ya fito ta sandar giya, direba ya rantse giyar ce. Ga kuma matsalar baki: abin da wani ya kira ƙwas-ƙwas, wani kas-kas zai ce, kuma babu mutum biyu da za su kwaikwayi ƙara ɗaya iri ɗaya. Shi ya sa tambayar “yaya take yi?” ba ta cika kai mutum ko'ina ba. Tambayar da ke da amfani ita ce, yaushe take yi, kuma me take bi?

A cikin mota mai tafiya abubuwa uku ne ke juyawa, kowanne da saurinsa. Akwai inji, wanda totur ke juya shi. Akwai farfela, wadda saurinta ke bin gudun mota ko a wace giya ake. Akwai tayoyi, su ma gudun mota suke bi amma a hankali ƙwarai. Lissafin ba wuya. Injin da ke sulo a juyi 600 a minti, karanshaf ɗinsa yana zagayawa sau 10 ke nan a sakan. Kamshaf, mai buɗe bawul, yana yin rabin haka, kuma kowace silinda sau ɗaya take ƙona mai a juyi biyu, wato sau 5 a sakan. Ƙarar bawul ɗaya ko nozul ɗaya a wannan ƙidayar take zuwa, mutum na iya bin ta da yatsa, yayin da abin da ke can ƙasa kan iya bugawa a kowane juyi. Tayar babbar mota kuma zagayenta ya ɗan haura mita 3, saboda haka a gudun kilomita 60 tana juyi wajen sau 5 a sakan, a kilomita 20 kuwa bai kai sau biyu ba, ana iya ƙirgawa da baki. Farfela tana ninka juyin taya sau huɗu zuwa shida gwargwadon irin aksil, don haka ba a ƙirga ta. Jijjiga ake ji a kujera, madubi yana karkarwa.

Daga nan gwajin farko ya fito da kansa, kuma ko kwabo ba ya ci. A tsayar da mota, a ja birkin hannu, a ba inji wuta sannu-sannu. In ƙarar ta bayyana mota na tsaye, farfela da aksil da taya sun fita daga zargi, tun da ba sa motsi. In ba ta bayyana ba, a hau titi ba kaya, a riƙe gudu ɗaya a giya ta huɗu, sannan a riƙe wannan gudun a ta biyar. Juyin inji ya canza, gudun mota bai canza ba. Ƙarar da ta canza tare da giya, daga gaba take, wadda ta tsaya yadda take kuwa daga baya take. A shimfiɗaɗɗen titi mara cunkoso ana iya sa firi na 'yan sakanni inji ya koma sulo, a saurara. Da wannan kaɗai an raba motar gida biyu, an san ɓangaren da za a bari ya huta.

Mu fara da injin. Dole a san ƙarar da ta halatta kafin a san baƙuwa. Injin gas ba shi da fulogi. Iska yake matsewa har ta koma kashi ɗaya cikin 16 ko 17 na yadda ta shigo, zafinta ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa mai a ciki ya kama da kansa. Amma ba nan take yake kamawa ba, akwai ɗan jinkiri tsakanin fesawa da kamawa, kuma duk man da ya taru a wannan ɗan lokacin tashi ɗaya yake ƙonewa. Wannan bugun shi ne ƙaƙas-ƙaƙas ɗin da aka san motar gas da shi. Tsofaffin injuna masu fesa mai kai tsaye a kan fistin sun fi kowa yin sa, irin OM352 mai silinda shida da lita 5.7 da ke cikin Marsandi 911, wanda ya fito tun 1964, ko WD615 na tsofaffin Howo, wanda asalin zanensa na Steyr ne, kamfanin nan na Ostiriya da ya taɓa haɗa motoci a Bauchi.

Duk abin da ya tsawaita jinkirin nan zai ƙara bugun. Sanyi na farko. Da asubar hunturu a Kaduna, inji ya kwana a fili, zai tashi da ƙara mai kaifi da farin hayaƙi, in ya ɗumama ta lafa. Wannan ba ciwo ba ne. Na biyu shi ne mai. A 2022 kuɗin gas ya ninka fiye da sau biyu cikin shekara guda, kuma tun daga lokacin jarabar sayen na jarka a gefen hanya ta ƙaru. Gas da aka sirka da kananzir yana jinkirin kamawa, sannan ba shi da santsin da injekta (famfon da ke tura mai) da nozul ke dogara da shi, domin man da suke turawa shi ne kuma ke shafa su. In ƙara ta fara jim kaɗan bayan an sha mai, kuma a duk silindodin take ba a ɗaya ba, a fara da tanki da filta. Na uku taimin. Injektar da aka ɗaura tana fesawa da wuri takan sa inji ya yi ta bugu kamar zai tsage, wadda ta makara kuma takan sa shi laushi da farin hayaƙi da zafi da rashin ƙarfi. Tambaya ɗaya ce ke tona wannan: an taɓa injekta kwanan nan?

Ba a nan gizo ke saƙa ba, sai a wajen rarrabe bugun nozul da bugun metal, domin a kunne 'yan uwan juna ne, a aljihu kuwa tsakaninsu kamar sama da ƙasa. Lafiyayyen nozul ba ya buɗewa sai matsin mai ya kai wajen bar 200 a irin waɗannan injuna, ya fesa shi kamar hazo, ya rufe ruf. In sifirin ɗinsa ya gaji ko allurarsa ta ci, sai ya buɗe da wuri ko ya riƙa ɗiga, man ya taru ya fashe gaba ɗaya, a ji gwaf mai nauyi daga silinda ɗaya. Kanikawa sun san dabarar kwance notin fayif ɗin nozul ɗaya bayan ɗaya inji na sulo, a ga wanda in an yanke masa mai ƙarar za ta ɗauke. Dabara ce mai kyau, sai dai galibi ana tsayawa a rabin hanya. Abin da ta nuna shi ne silindar da ke da matsala, ba ta nuna mece ce matsalar ba, saboda metal ɗin kwanrod (sandar da ta haɗa fistin da karanshaf) da ya ci shi ma yakan yi shiru in aka ɗauke masa nauyin ƙonewa. Ragowar gwajin shi ne a cire nozul ɗin a musanya shi da na wata silinda. In ƙarar ta bi nozul ta koma sabon gida, an huta, sai wurin masu gyaran injekta su ɗora shi a famfon gwaji. In ta tsaya a silindarta, to maganar ta koma ƙasa. Aikin awa ɗaya ne ko biyu, kuma ban ga dalilin da zai sa a sauke inji ba a yi shi ba.

Gargaɗi biyu a nan. Man da ke fita daga fayif ɗin nan yana iya huda fata ya shiga tsoka, don haka tsumma ake rufawa, ba a laluben yoyo da yatsa. Sannan sababbin injunan da kwamfuta ke sarrafa nozul ɗinsu, masu tara mai a bututu ɗaya da matsin da ya haura bar 1,500, ba a kwance musu fayif inji na aiki ko da wasa. Kuma kada a ce tun da nozul ne ba komai: wanda ke tsiyaya in aka ƙyale shi yana iya narkar da kan fistin.

Metal yana da shaidu da ba sa buƙatar kunne. Na farko gejin baƙin mai, a duba shi inji ya yi zafi sosai yana sulo, ba da safe ba lokacin da man ke da kauri. In allurar ta faɗi ƙasa da inda ta saba, mai yana zurarewa ta wani gibi da ya buɗe. Abin takaici, motoci da yawa gejin ya mutu tun tuni ba wanda ya kula, kuma geji na hannu da za a ɗaura a gwada ba shi da tsada. Na biyu filtar baƙin mai. A yanka ta a buɗe takardar a rana. Metal bayansa ƙarfe ne, cikinsa akwai shimfiɗar jan ƙarfe da dalma, saboda haka ɓarɓashi ja mai ƙyalli da maganaɗisu ba ya kamawa daga can ya fito. Fari mai sheƙi da shi ma ba ya kamuwa yakan zama na fistin, wanda maganaɗisu ya kama kuma daga karanshaf ne ko kamshaf ko haƙoran giya. In filta ta fito tas, geji kuma yana inda ya saba, da wuya metal ne, ko me kunne ya ce.

Akwai mugunyar al'adar zuba mai mai kauri, wani har da man giya, don ƙarar ta lafa. Tana lafawa kuwa, kamar yadda nishin mara lafiya ke ɗaukewa in an toshe masa baki. Masu shirin sayar da mota sun fi kowa sanin wannan. Mai saye ya je da sassafe, ya dafa injin da hannu ya tabbatar ba a ɗumama shi kafin zuwansa ba, ya zaro ma'aunin mai ya murza tsakanin yatsu.

Zafi da sanyi su ma suna ba da labari. Fistin da ya yi sako-sako a cikin silib (bututun silinda) yana ƙwanƙwasa da sanyi, in ya yi zafi ya kumbura sai ya ragu, kuma irin wannan injin yakan daɗe yana aiki a haka, sai dai ya riƙa huci ta bututun numfashi yana shan mai. Metal akasin haka yake, zafi na ƙaruwa mai na tsinkewa ƙarar na ƙaruwa. Na kwanrod ya fi fitowa a daidai lokacin da aka ɗan ba da wuta aka saki, babban metal da ke riƙe da karanshaf kuwa dum-dum yake yi a can ƙasa in an ɗora wa mota kaya tana hawan tudu.

Ƙarar sama ta fi sauƙi. Cas-cas mai kaifi a ƙarƙashin murfin bawul yawanci tazara ce ta yi yawa, kuma saiti ne kawai. Sai dai in faɗi wani abu da direbobi ba sa son ji: bawul mai ɗan surutu ya fi mai shiru. Wanda aka matse don a faranta wa kunne ba ya zama daidai a mazauninsa in ya yi zafi, wuta ta riƙa bi ta gefensa har ta ƙone shi. Tazarar ba ta kai milimita ɗaya ba, kowane inji da tasa, kuma da ma'auni ake sa ta, ba da ji a hannu ba. Gasket ɗin manifol na salansa da ya fashe shi ma cas-cas yake yi, musamman da sanyi, amma yakan bar baƙin toka a gefen da yake hurawa. Haka wasar jan ƙarfe da ke ƙarƙashin nozul, in ta saki sai a ji fus-fus, a ga baƙin danƙo ya taru a gindinsa.

Sai 'yan sojan gona, waɗanda suka fi jawo sauke inji a banza. Filawil da notinsa ya kwance ko ya tsage yana bugu sak irin na metal, amma in an taka kuloci ƙarar takan canza, kuma yanke wa silinda mai ba ya kashe ta gaba ɗaya. Kwamfiresan iskar birki shi ma ƙaramin inji ne mai fistin da kwanrod nasa, kuma a jikin babban yake. In ƙarar tana nan lokacin da tankunan iska ke cika, ta lafa da zarar sun cika, ga mai laifin nan. Robar da inji ke zaune a kai in ta tsinke, sai a ji gwaram wajen tashi da kashewa. Famfon ruwa da altaneta kuwa a cire fambel a tada inji na minti ɗaya, in shiru ya biyo baya an gama. Doguwar sukundireba da ake dafa bakinta a jikin inji a kara ƙotar a kunne tana nan da amfaninta, muddin an nisanci fanka kuma ba a sa riga mai reto ba.

Turbo yana da fitonsa na halal. Fito mai ƙarfi da ya zo da baƙin hayaƙi da mutuwar jiki galibi tiyo ne ya fashe ko kilif ya saki. Kuka irin na jiniya kuwa alama ce fankar ciki ta fara gogar gidanta, abin da ke juyi har 100,000 a minti, kuma ƙurar hunturu da ta samu hanya ta tsagaggiyar filtar iska tana cikin masu cinye shi.

Yanzu mu koma baya. Kuloci da giya ƙafar hagu ce ke rarrabe su. Ƙarar da ke zuwa in an taka kuloci, ta tafi in an saki, boris ɗin da ke tura kuloci ne. Wadda ke nan mota na firi ƙafa a sake, ta ɗauke in an taka, a cikin giya take, domin taka kuloci ya tsayar da shaf ɗin da ke shiga giyar. Ƙara a giya ɗaya tak haƙoran wannan giyar ne. Wadda ke cikin duk giyoyi ban da guda ɗaya, wato giyar da ƙarfi ke wucewa kai tsaye daga inji zuwa farfela, tana nuna shaf na ƙasa da boris ɗinsa, tun da a wannan giyar kaɗai yake hutawa. Kafin duk wannan, a kwance notin gefe a ga ko akwai mai a ciki. Abin dariya ne, amma ba ƙaramar giya aka sauke ba saboda ƙishirwa kawai.

Farfela ce na fi son a tsaya a kanta, saboda a nan gyaranmu na gida ke haifar da ƙarar da motar ba ta zo da ita ba. Kuros, wato gaɓar da ke kowane ƙarshen farfela, in ya bushe yakan yi ƙiƙi-ƙiƙi a tafiyar sannu, ya yi ƙwal in an sa giya ko an saki totur an sake takawa, kuma jan gari kamar tsatsa a gefen kofinsa shaida ce ya gama. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika sani ba shi ne, kuros ɗin da ke aiki a karkace ba ya juyawa daidai wa daida. A kowane zagaye sau biyu yake ƙara sauri sau biyu yake ragewa. Kuros na ɗaya ƙarshen shi ke goge wannan, amma da sharaɗi biyu: kunnuwan farfelar na gaba da na baya su kasance a layi ɗaya, kuma karkacewar ƙarshen biyu ta zo kusan ɗaya. Yaron gareji ya zare farfela daga haƙoranta don a sa kuloci, ya mayar da ita ya goce da haƙori biyu, shi ke nan an sayi jijjiga. Direba ya dawo ya ce tun da aka yi kuloci mota ke rawa, a sake sauke giya, alhali da an zana layi da fenti kafin a zare ba a zo nan ba.

Sharaɗi na biyu kuwa mu ke karya shi da kanmu. Ana ƙara ganyen sifirin don mota ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta, tsayinta ya canza, fuskar aksil ta karkace. Ana ƙara wa shasi tsawo don bodi ya ci buhuna da yawa, a yanka farfela a yi mata ƙari da walda. Kaduna ba ta rasa gwanayen ƙarfe ba, wanda ya shiga Panteka ya ga abin da hannu ke iya ƙerawa, amma abin da ke juyi sau 25 ko 30 a sakan ido ba ya iya daidaita nauyinsa, sai na'ura. Farfelar da ta rinjaya gefe ɗaya za ta ci boris na tsakiya, ta ci sil ɗin giya, ta sassauta notin finiyon (ƙaramar giyar da farfela ke juyawa a aksil), a yi ta canza su ɗaya bayan ɗaya ana zagin kayan Beljiyam. Alamarta ita ce jijjiga da ke shigowa a wani gudu na musamman, ko an taka totur ko an saki, ko a wace giya.

Aksil na baya da totur ake tambayarsa. Kuka da ke zuwa in an taka kaɗai, ko in an saki kaɗai, yana nuna haƙoran kuraun (babbar giyar aksil) da finiyon ba sa haɗuwa inda ya dace, ko boris ɗin finiyon ya yi sako. Gurnani da ba ya kula da totur boris ne. Ƙara a kwana kaɗai ƙananan giyoyin tsakiya ne. Kuraun da finiyon tare aka goge su a masana'anta, ba a aurar da na wannan aksil da na wancan, kuma saitinsu da shafa launi a haƙora ake duba shi. A mota mai aksil biyu a baya, tayoyin da girmansu ya bambanta suna sa giyar da ke tsakanin aksil ɗin aiki ba hutu, ta yi zafi ta fara kuka. Boris ɗin taya kuwa yakan canza murya in an ɗan karkata sitiyari hagu da dama, kuma in an tsaya cibiyar wannan tayar ta fi ta ɗaya gefen zafi. Kaf-kaf da ake iya ƙirgawa a tafiyar sannu, a leƙa tsakanin tayoyin biyu ko dutse ya maƙale, a duba ko taya ta kumbura, a duba notin taya. Layin tsatsa da ya tsiyayo daga gindin noti yana nufin ya kwance.

Wata ɗabi'a da tsadar gas ta ƙara yaɗawa ita ce sakin mota a firi a gangara da kaya. Ban da haɗarin birki, tun da inji na sulo kwamfiresa ba ya mayar da iskar da ake ƙonawa, giyar ma tana shan wahala: bayanta na gudu da saurin titi, shaf ɗin da ke watsa mata mai yana tafiyar hawainiya. Ɗan man da aka tsimi a gangara a boris ake biyan sa.

Duk gwaje-gwajen nan sun dogara da abu ɗaya, wato direba ya faɗi gaskiya, kuma tsarin aikinmu bai ba shi dalilin faɗa ba. Ya san in ya kira ya ce, “Alhaji, mota na wata ƙara,” amsar farko ita ce, “Me ka yi mata?” In kuma ya tsaya a hanya, kuɗin tafiyar ya tafi. Sai ya ƙara sautin rediyo ya ce bari a kai kaya tukuna. In ya iso gareji ba zai ambaci man jarkar da ya sha ba, ko ranar da allurar zafi ta hau ya ci gaba, ko ruwan da ya kutsa a watan Agusta har inji ya shaƙe aka tura shi ya tashi da ƙarfi, abin da ke lanƙwasa kwanrod. Makaniki shi ma kuɗin sauke inji ya fi masa kuɗin saurare, domin babu mai biyan awa biyu na gwaji. Mai motar da ya ware kuɗin bincike daban, ya kuma daina cire kuɗin gyara daga albashin direban da ya kawo rahoto da wuri, shi ne zai riƙa jin labari tun yana ƙarami. Yaron mota ma a tambaye shi, shi ke zama a gefen da direba ba ya ji, kuma shi ke shiga ƙarƙashi.

Ba kowace ƙara ke jira a isa gida ba. Cas-cas na bawul, fistin mai ƙwanƙwasa da sanyi, kukan aksil da ya daɗe bai ƙaru ba, ana iya lallaɓawa da su. Bugu mai nauyi tare da faɗuwar gejin mai, a kashe nan take, domin bambancin minti biyar shi ne bambancin canza metal da kwanrod ya huda bulo ya fito. Jijjigar farfela da ta tsananta farat ɗaya ma haka, kuros na gaba in ya tsinke farfelar ƙasa take soka. Cibiyar taya mai hayaƙi ba a ƙara mata ko kilomita ɗaya. Injin da ya ɗauki wuta da kansa yana ihu da hayaƙi, an kashe makulli ya ƙi mutuwa, baƙin mansa yake sha, galibi ta turbo da ya fashe. A toshe masa hanyar iska da katako, ba da hannu ba, ko a sa babbar giya a danne birki a saki kuloci.

In an yanke shawarar jan motar zuwa Kaduna, a cire farfela daga wajen aksil kafin a ɗaura ta. Inji a kashe babu abin da ke watsa mai a giya, tayoyi kuwa za su yi ta juya bayanta a bushe tun daga inda ta lalace har gareji. A zana layin fenti a kan mahaɗar kafin a kwance, a ɗaure farfelar a jikin shasi, notukan kuma a ƙulle su a leda a ba direba ya sa a aljihu.